Ɗana Ba Ya Barci Sai Da Ƙarar Keken Ɗinki

Anti mai shawara, ki taimake ni don Allah, kafin a gan ni a titi da keken ɗinki a ka.

Ni tela ce, a ɗakin haya nake aiki. Ɗana shekararsa huɗu, muna ce masa Maigadi, kuma tun yana jariri a gindin keke nake shimfiɗe shi. To ga abin da na jawo wa kaina: yaron nan ba ya runtsawa sai ya ji ƙarar keke. Mutane na neman makwanci, ni ina zaune ina taka keke babu zare babu ƙyalle, kamar wadda aljanu suka ba kwangila. Ina ɗaga ƙafa, ido ya buɗe tar.

Babu abin da ba mu gwada ba. Babansa ya ce zai yi ƙarar da baki, yaro ya yi ta dariya har da shaƙuwa, ƙarshe uban ne ya fara minshari. Kakarsa ta ce dodo na bayan ƙofa, ya tashi ya buɗe wai yana so su gaisa. Na yi masa tatsuniya, ya gyara mini inda na yi kuskure.

Mai gidanmu tsoho ne, bango ɗaya ya raba gadonsa da kekena. Shekaranjiya ya tare ni a bakin famfo ya ce: "'Yata, ko keke ya yi shiru da dare, ko ki nemi wani ɗaki ƙarshen wata." Anti, duk masu kawo mini ɗinki nan suka sani, wallahi na tsorata. Ga ƙafata ta kumbura, jiya hannun riga na haɗa a juye saboda gyangyaɗi. Abin haushi, da rana ina aiki, gogan yana kan tarin yadi yana sharar barci tun azahar har rana ta yi sanyi.

Tela mai kumburin ƙafa

'Yar'uwa tela, ki yafe ni, sai da na yi dariya kafin na ɗauki biro. Tsohon nan ya fi ni haƙuri, da ni ce, da tuni na kwance wa keken bel. Shi ma barci yake nema. Maigadi kuma bai da laifi, abin da aka koya masa yake yi.

Ai da kanki kika faɗi ciwon: wanda ya ƙoshi da barci da rana me zai yi da na dare? Ki rage na ranar ya zama ɗan kaɗan, ki tashe shi ya fita ya yi guje-guje da yara. Da dare a tsayar da lokaci ɗaya: wanka, rage haske, babu shayi, babu kallo. Ki naɗi ƙarar keken a waya, ki kifa ta nesa da shi, kullum kina rage sautin har ya ɓace. Zai yi bore na 'yan kwanaki, kada ki koma kan keke. Babansa ya karɓi wasu dararen, amma a zaune. In kin ji yaron yana minshari mai ƙarfi ko numfashinsa na sarƙewa, ki kai shi wurin likita.

Ki je wurin tsohon yau, ki faɗa masa shirinki, ki roƙi mako biyu. In da sauran yadi mai kyau, ki haɗa masa 'yar riga.

Sannan ki lura, 'yar'uwa: tun Maigadi yana jariri, in keke na ƙara ya san kina nan kusa, ba ki je ko'ina ba. Ki sauko daga kujerar ki zauna bakin shimfiɗarsa, hannunki a bayansa. Wannan ba ya ratsa bango.

Allah ya ba ku barci mai daɗi, har da tsohon.