Ƙafar Jane da Matar Kuba

Litinin, 7 ga Yuni, 1993

Idon sawun Jane har yanzu a kumbure yake. Likita ya ce ta huta. Gasar filin wasa na Crystal Palace kuma ranar sha tara ga wata ce, a nan ne mutumin wata jami'ar Amurka zai zo duba 'yan tseren tsallake shinge. Tun tana ƙarama 'yar nan take wahala saboda irin wannan rana. Babanta ya ce, "Anatu, bar wa Ubangiji." Shi komai a bar wa Ubangiji, ya ɗauki jakarsa ya tafi tuƙin bas.

Alhamis, 10 ga Yuni

Daga asibitin da nake aiki na wuce filin atisaye, ko kayan aiki ban cire ba. Kocinta Zoraida, matar Kuban nan mai ɗingishi, ta sa Jane ta tsaya a kan ƙafa ɗaya. Ta kalle ta kaɗan ta ce ba za ta yi tseren ba. Haka kawai! Na ce, "Madam, ai ƙafar ba ta karye ba." Ta ce tata ma ba ta karye ba a lokacin. Ban tsaya jin saura ba, na ja hannun 'yata.

Asabar, 12 ga Yuni

Na tambayi Jane labarin matar, ni da Hausa, ita da Turancinta kamar kullum. Wai a Kuba an yi shekaru ba mai shan gabanta. A 1984 ta shirya tsaf, ƙasarsu ta ƙi zuwa Olympics. Ta haƙura ta jira na 1988, nan ma aka ƙi zuwa. Shekaru sun fara tafiya. Da aka gayyace ta wata gasa a Turai, ta je da ciwo a dunduniya, aka yi mata allura ta shiga. Jijiyar ta tsinke tana tsakiyar tsere. Daga baya aure ya kawo ta Landan.

To ni abin da na ji shi ne, dama ta wuce ta har sau biyu. Ai ita ya kamata ta fi kowa sanin zafin hakan. Ko baƙin ciki take wa 'yata? Allah ya gafarta mini, amma na yi tunanin.

Talata, 15 ga Yuni

Na buga wa masu shirya gasar waya na ce kada a cire sunan Jane. Da na gaya mata, ta ce, "Okay, Mum." Ba ta ɗago kai ba.

Juma'a, 18 ga Yuni

Lift ɗin benenmu ya lalace, amma Zoraida ta hauro matakala har flat ɗinmu da wannan ƙafa. Na ba ta kujera ta ƙi. Ta cire takalmi a falona, ta nuna mini tabo daga dunduniya har kusan bayan gwiwa. Ta ce ba wanda ya tilasta mata. Mamanta ce dai ta riga ta gaya wa duk unguwa su kunna rediyo.

"Ke ce uwarta," in ji ta. "Gobe zan zo."

Ni ma na gaya wa duk matan coci. Amma ai ba ɗaya ba ne. Abinci ya ƙi ciyuwa.

Asabar, 19 ga Yuni



Ina zaune a sama wajen 'yan kallo, ina kallon 'yan tseren suna motsa jiki. Jane ta gwada shinge ɗaya, ta sauka a kan ƙafar, nan da nan ta juya mini baya. Na ga kafaɗunta sun ɗaga, ta cusa wuyan riga a baki. Sai ta juyo ta yi mini murmushi, ta ɗaga babban yatsa. Na san murmushin nan. Shi take yi tana ƙarama idan tana ɓoye zazzaɓi.

Aka fara kiran sunaye. Ban san lokacin da na sauko ba. Wani ma'aikaci ya tare ni a bakin fili, sai na daka tsawa da Hausa: "Jane! Cire takalmin nan!" Turawa duk suka waiwayo.

"Mum, zan iya."

"Na sani. Cire."

Ta zauna a ƙasa tana kuka, ban san ko na haushi ne ko na me ba. Aka harba bindigar fara tsere, layinta babu kowa. Mutumin Amurka ko kallon wajenmu bai yi ba. Zoraida ta ɗauki jakar Jane ta bi mu har tasha.

Laraba, 23 ga Yuni

Jane ba ta yi mini magana. Da babanta take aiko saƙo.

Lahadi, 27 ga Yuni

Bayan sujada Mama Mariatu, ɗaya daga cikin matan coci, ta tare ni a bakin ƙofa. "Maman Jane, yaya maganar Amurka?" Na ce koci ta ce sai baɗi, kuma ita ta san aikinta. Ban shirya faɗin haka ba, fitowa ya yi. Jane na tsaye kusa da ni.

A hanyar zuwa bas ta saƙalo hannunta cikin nawa. Wai saboda ƙafar. Tun ranar Alhamis ban ga ta yi ɗingishi ba, amma na rage sauri.