Ba aljani ba ne a jikin ƙanwata

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. A ɓoye sunana. Masu wa'azi su riƙe abinsu don Allah, na riga na zagi kaina iya zagi, shawara na zo nema.

Ni mai lalle ce, a Bwari muke, amma yawancin aikina gidajen biki ne a Maitama. Wanda bai taɓa wuni a duƙe yana zana ƙafar amarya da ƙawayenta ba, ba zai gane ciwon bayan da nake nufi ba. Wata mai kwalliya da muke haɗuwa wajen aiki ce ta fara ba ni tiramol, ta ce gajiya kawai yake kashewa. A ɗakunan amaren nan babu abin da ban gani ba, masu zuba kodin a lemo su yi ta magana kamar an ja kaset, masu shan roci su farka ba su san abin da aka yi da su ba, masu wiwi a banɗaki. Sai nake ganin ai ni mai hankali ce, nawa na neman halak ne.

Da ƙanwata ta gama sakandare, bari in kira ta Ummi, sai ta fara bi na tana koyo. Wata rana ta ce, "Yaya, bayana zai ɓalle, ni gida zan koma." Amarya na jira, ni kuma ba ni da haƙuri. Na ɓallo ɗaya na ce ta haɗiye ta daina min raki. Da hannuna na miƙa mata ruwan. Ban san ta wuce ni ba sai da na ga tana shan ninkin nawa, ta rame, ba ta cin abinci, kullum susa.

Ranar da ta fara faɗuwa a tsakar gidanmu, jikinta ya sandare, ido ya juye, kumfa a baki, sai Mama ta tuna cewa jiya da magariba Ummi ta watsa ruwan zafi a makwarara ba bismillah. Shi ke nan, gida ya yanke hukunci: ta ƙona 'ya'yan aljanu. Ina tsaye na ji, na bar su a kan haka, ban ambaci tiramol ba. Aka kira malam, aka tsare ta a ɗaki ana ruƙiyya, ba ta samun ƙwayar, sai gumi da amai da karkarwa, tana ihu ƙasusuwanta na ciwo. Malam ya ce ga shi nan, aljanin yana jin zafin karatu. Na shiga kai mata kunu, ta kama ƙafata ta ce, "Yaya, ko rabi, don darajar iyayenmu." Na ba ta. Ta yi luf. Mama har da sujada, wai aljani ya fita. Wace irin yaya ce ni?

Tun daga nan haka muke ta zagaye. Faɗuwar makon jiya a bakin murhu ta yi, hannunta na dama ya ƙone, hannun da take zane da shi. A asibiti likita ta ja ni gefe ta ce, "Ke ce babba, faɗa min gaskiya, tana shan wani abu? Irin wannan farfaɗiyar muna ganinta ga masu tiramol, wata rana numfashi ne zai tsaya." Na kalli idonta na ce Ummi ko goro ba ta ci. Me ya hana ni faɗin gaskiya? Baba yana bakin ƙofa. Direba ne, yana da hawan jini, kuma shi ne mai cewa duk ɗan da ya kawo masa ƙwaya gida zai ɗaga masa hannu ya sallama shi. Mama kuwa in ta tashi yabo ni take nunawa, wai ni ce mai tsaya wa ƙanwata. Ni kaina ban daina ba, yau da safe ma na sha, kada a ce na ɓoye.

Yanzu Baba ya ce asibiti ba su iya ba, ranar Asabar zai kai ta wani ƙauye bayan Kwali wajen mai magani, ta zauna har sai ta warke. Ba asibiti kusa. Ummi ta ce in ɗinke mata ƙwayoyi a bakin zaninta, in kuma na tona mata asiri ba ni ba ita har abada. In na ɗinka, za ta iya faɗuwa can ta mutu. In na ƙi na yi shiru, za su yi ta turara ta da hayaƙi tana birgima, suna dukan aljanin da babu. In na faɗa, ban san ko Baba zai tashi daga inda yake zaune ba.

Zanin yana kan cinyata, ban saka allura ba tukuna. Me zan yi?