Shayin Baba Ya Koma Cikin Albasa

Yaya Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Yamai, yaya maiɗakinka Mariyama da yara? Mu nan Agadas kowa lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Bazarar bana ba wasa. Iska mai zafi take kaɗawa tun hantsi, shingen garkarmu ta Dabaga ya bushe ƙayau. Kowa ya daina hura wuta kusa da shinge, ban da Baba. Ka san shi da shayinsa.

Ran Talata bayan azahar ya zauna gindin dabinon da ka dasa, yana fifita gawayi. Iska ta ɗauki garwashi ɗaya ta jefa a shinge, sai wuta ta tashi! Allah ya taimake mu ana cikin ban ruwa. Ni da maƙwabta muka yi ta sheƙa mata ruwa da guga har ta mutu. Baba kuwa butar shayinsa ya fara ceta.

Kwantar da hankalinka, dabinonka bai ƙone ba, ganye biyu kawai suka babbake.

Inna ta yanke hukunci: ko ya bar shayi har damina, ko ya dafa a tsakiyar albasa inda ƙasa take jiƙe. Yanzu can yake zama, rawani a kai, ƙafafu cikin laka, yana cewa wai ya fi sanyi, dama shi ya zaɓa.

Ku taya mu roƙon ruwa. Gai da kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza