Ƙafafun Somoe

Newala, 4 ga Satumba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ƙanina Mshamu,

Assalamu alaikum. Ka yi mini afuwa da na dame ka da takarda, alhali na san aikin shagon magani bai bar maka lokacin hutu ba. Sau biyu ina farawa ina yagewa. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Bi Tatu da yara. Mu nan sai godiyar Allah, sai dai ruwan sama da ya ƙi, ga rijiyoyin kwari sun ja baya.

Zancen 'yata Somoe ne, wadda ɗiyarka ce kai ma. Ka san tana wurina tun da ta haihu, wata huɗu ke nan. Tun watan jiya take cewa tana jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarta da kan yatsun hannu. Daga nan sai gwiwoyinta su saki, ta nemi wuri ta zauna. Yakan yi kwana biyu ya tafi, mu ce alhamdu lillahi, sai ya dawo. Ranar Juma'a tana saɓa jaririya a kafaɗa hannunta ya mutu. Da ba ina kusa ba, ban san abin da zan rubuta maka yau ba.

Kowa da abin da yake faɗa. Uwar mijinta ta ce sanyin tudu ne ya shige ta tana ɗanyen jego. Maƙwabciyata Binti Likoko ta ce tsallaka wani abu ta yi a hanyar kwari. Na kai ta ƙaramin asibitinmu, suka ɗiba jini, suka ce ba suga, jinin ne ya ɗan yi ƙasa, suka ba ta ƙwayoyi. Tana sha, ban bar ta ta tsallake ko ɗaya ba.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Ta je gidan mijinta Chande a bakin teku, wajen wani biki, ta yi mako biyu, ta dawo tana taka ƙasa garau. Kwana shida da dawowarta abin ya tashi. Yanzu mata a hanyar ɗibar ruwa suna cewa ai abin a gidana yake. Ba sa faɗa a gabana, amma ina ganin yadda hira ke mutuwa idan na iso.

Kai ka yi shekaru kana aiki tare da likitoci. Me ke kawo irin wannan? Allah ya saka maka da alheri.

Yayarka,
Mwanahawa

*

Dar es Salaam, 15 ga Satumba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Ki daina ba ni haƙuri, ke kika goye ni. Kuma don Allah ki riƙa ƙara wa haruffanki girma, sai da na ari tabaran Tatu kafin na karanta.

Ki gaya wa Binti Likoko in tsallaka abu na kashe ƙafa, da ita ta fara rarrafe, don ba gidan da ba ta tsallaka ba a garin nan neman labari.

Abubuwan da ke kawo wannan suna da yawa. Akwai suga, an ce babu. Akwai ƙarancin jini, musamman ga mai shayarwa da ba ta samun abinci mai gina jiki. Akwai jijiyar da ƙashin baya ko na wuya ya danne, kuma ku mutanen tudu kun mayar da kawunanku motar dakon ruwa. Akwai wasu magungunan tarin fuka. Akwai giya, amma wadda za ta sha giya a gidanki sai ta fara haƙa wa kanta kabari. Daga nan Dar ba zan iya cewa ga shi ba.

Sai dai batun warkewarta a bakin teku bai bar ni na zauna ba. Ki ba ni amsar waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ban da wa'azi a tsakani. Gefe ɗaya ne ko duka biyu? Tana ɗaukar jarka a ka? Tana shan wani magani ban da na jini? Akwai wani a gidan da ke jin haka? Me kuke ci safe da yamma? In tuwon rogo ne, wane rogo, kuma kwana nawa kike jiƙa shi kafin ki shanya?

Ki ba kwandastan motar Talata amsa, ya san shagonmu.

Ƙaninki,
Mshamu

*

Newala, 23 ga Satumba

Zuwa ga ƙanina Mshamu,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, na gode. Abin da ka faɗa a kan Binti Likoko ban isar ba, kuma ka nemi gafara, maƙwabciya ce.

Ga amsoshinka. Gefe biyu ne, amma ƙafar hagu ta fi. Ba ta ɗaukar jarka tun haihuwa, ni nake sauka kwari, in ta yi kyau in hau sau uku kafin rana ta yi zafi. Ba ta shan kowane magani sai na jini. Masara ba ta yi ba bana, wake ma ya ƙone a gona, don haka tuwon rogo muke ci da miyar ganyensa, kamar kowa. Rogon mai ɗaci ne, irin wanda aladun daji ba sa taɓawa, shi kaɗai ya jure.

Ka tambaya ko wani na jin haka. Ba na son yin ƙarya a rubuce. Ni ma nakan ji a yatsuna idan ina jan carbi, wani lokaci da jiri bayan cin abinci. Na ɗauka girma ne.

Shekaranjiya Somoe ta tashi za ta sauke tukunya, ƙafar ta ƙi ɗaukarta, ta zube gefen murhu. Ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "Mama, ki rubuta wa Kawu ya aiko mini da sabuwar ƙafa daga Dar, an ce can komai ana sayarwa." Na ce ta bar wasa da irin wannan. Da na juya sai na ga tana matsa cinyarta da hannu biyu, dariyar ta tafi.

Ina ta addu'a, ina tofa mata. Ban san inda zan sa kaina ba. Na kasa zama wuri ɗaya, ko karatun safiya sai in tsinci kaina ina maimaita aya ɗaya.

Ka gaida Bi Tatu.

Yayarka,
Mwanahawa

*

Kawu,

Ni ce Somoe. Ina gaisuwa. Mama ta ba ni takardarta in liƙe, na karanta, Allah ya yafe mini, shi ne na cusa wannan a ciki.

Ka lura ta tsallake tambayarka ta ƙarshe? Kwana ɗaya take jiƙa rogon, wani lokaci ma daga safe zuwa la'asar, a ɗan ruwan da bai rufe shi ba. Jarka uku take hawo da su. Ɗaya sha da girki, ɗaya wankan jaririya da tsummokinta, ɗaya ta alwalarta ce, ba mai taɓawa. Ka san ta. In ta yi alwala ta yi shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu, sai ta sake. Jiya na ƙirga sau tara.

Shehe ya faɗa a masallaci tun watan jiya cewa a wannan hali a yi taimama, a bar ruwa don ciki. Duk unguwa sun koma haka. Na ce, "Mama, kin fi Shehe sani ne?" Ta ce, "Ban fi shi ba, amma ni ina ganin ruwa da idona, ta yaya zan ce wa Ubangiji ban samu ba?"

Ban sani ba ko wannan na da alaƙa da ƙafata. Tuwon dai yana da ɗaci. Kada ka ce ni na faɗa. Ko ka faɗa ma, ai ba za ta iya duka ba, sai dai ta yi shiru kwana uku, wanda ya fi duka ciwo.

Ɗiyarka,
Somoe

*

Dar es Salaam, 1 ga Oktoba

Yaya,

Salam. Ba doguwar gaisuwa yau.

Somoe ta gaya mini kwana nawa kike jiƙa rogo, da inda jarka ta uku take tafiya. Kada ki yi mata shirun nan naki. Da ba ta rubuta ba da har yanzu ina lalube.

Ɗacin rogon nan guba ne, Yaya. Shi ya sa mahaifiyarmu take barinsa cikin ruwa kwana uku, har huɗu, sai ya yi laushi ya fara wari, ta zubar da ruwan nesa da awaki. Ba don daɗi take yi ba. In ba a cire shi ba yana taɓa jijiyoyi, kuma ya fi kama mai shayarwa da wanda ba ya samun wake ko kifi. A gidan Chande shinkafa da kifi take ci, shi ya sa ta miƙe. Ban rantse shi kaɗai ne ba, dole likita ya duba ta. Amma na taɓa ganin mace ta kwanta da ƙafa ta tashi ƙafar ta sandare, kuma irin wannan in ya kama ba ya saki.

Ki zubar da garin da ke gidan yau, duka. Na ba kwandasta wake, gyaɗa da busasshen kifi, da ɗan garin masara da zai kai ku har sabon rogo ya jiƙu. Ki kai Somoe babban asibiti, ki gaya musu abin da take ci, ba kunya. Ke ma su duba ki. Ki gaya wa matan unguwa, don na tabbata ba ke kaɗai ke gajarta jiƙon ba.

Batun alwala kuwa, ni da na gudu daga makarantar allo ba zan koya miki addini ba. Ke kika karanta mini ayar taimama kina riƙe da kunnena. Abu ɗaya zan tambaye ki. Ruwan da ƙafar ɗiyarki ke jira, naki ne da za ki ce kin samu?

Na san ba da gangan kika yi ba. Ki ci abinci.

Mshamu

*

Newala, 9 ga Oktoba

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Kaya sun iso, Allah ya biya ka.

Na zubar da garin a rami na binne. Na je wurin Shehe na tambaye shi da bakina, ya ce abin da ka ce, har ya fi ka faɗa. Ranar Asabar da azahar na juye jarkar alwalata a kan rogo har ya nutse, na fita bayan ɗaki na buga tafukan hannuna a ƙasa. Shekara arba'in ina koya wa 'yan mata yadda ake yi, ban taɓa yi don kaina ba. Na yi sallar ina kuka, amma ban sake ta ba.

Na bi gida bakwai na faɗa musu, na fara da Binti Likoko. Na ce musu gaskiyarsu ce, abin a gidana yake, na nuna musu ko mene ne. Gida uku sun ce su ma yaransu na kukan ƙafa.

Hannuwan Somoe sun yi sauƙi, tana ɗaukar 'yarta. Amma tun Talata ƙafar hagu ba ta sake ta ba, tana jan yatsun a ƙasa idan tana tafiya. Likita ya duba, ya ce mu dawo bayan mako biyu, bai ƙara komai ba. Na nemi gafararta, ta ce in daina, in zuba mata wake.

Mshamu, kai ka ga irin wannan. Ƙafar da ta kai nan tana dawowa? Kada ka tausaya mini, ka faɗa mini yadda yake. Ka ba motar Talata amsa, don Allah kada ta wuce.

Yayarka,
Mwanahawa