Takardun Kemistiri da Na Liƙa a Bishiya Sun Jawo Mini Zargi

Anti Martha, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya ɗaure. Ni malamar kemistiri ce a wata sakandare a Birnin Gwari. Jarrabawa ta matso, ɗalibaina kuwa da na ɗauki alli sai hamma. Sai na shirya musu wasan nema: na mayar da tambayoyin bita zuwa lambar nan mai zanen baƙi da fari da ake haskawa da waya, na buga, na liƙa a gindin mangwaro, jikin tankin ruwa da katangar baya, wadda ke kallon daji. Na aro wayoyin malamai na raba musu rukuni-rukuni. Ko sabis ba a buƙata, da an haska tambaya ta fito, amsarta ta nuna inda ta gaba take.

Anti, ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba. Saliha, yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, ita ta bayyana wa rukuninsu abin da ya sa kanwa ke kashe tsamin tsamiya.

Washegari mahaifinta, Malam Bakoji, wanda hare-hare suka taso su daga Kakangi, ya ga takardun a katanga. Ya yage su, ya ce alama ce ake yi wa mutanen daji, yaran da ke yawo da waya kuma hoton makaranta suke ɗauka. Ya hana Saliha zuwa. Yanzu a kasuwa ana raɗa cewa ni infoma ce, shugaban makarantarmu kuma ya ce in bari kawai. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. In bari ne, ko in ci gaba?

Malamar Kemistiri

Malama, sannu da ƙoƙari. Dabararki mai kyau ce, kuma ba ki cuci kowa ba. Amma Malam Bakoji ma ba jahilci ke damunsa ba. Wanda ya bar gonarsa da gudu, ya tarar da zanen da ba ya iya karantawa a katangar da ke kallon daji, dole gabansa ya faɗi. Kuskurenki ɗaya ne: yara sun san wasan, iyaye ba su sani ba.

Kada ki raina raɗar nan, a yankinku kalmar infoma ba abin wasa ba ce. Kada kuma ki bar wasan ba tare da bayani ba, domin za a ce gaskiyar zargin ce ta fito. Ki nemi wani dattijo da Malam Bakoji yake jin nauyinsa ya raka ki gidansa, ki gaishe shi, ki ba shi haƙuri. Sannan ki miƙa masa wayar ya haska da hannunsa, 'yarsa ta karanta masa tambayar ta kuma amsa a gabansa. Ki roƙi shugabanku a maimaita haka a taron iyaye.

Daga nan wasan ya koma cikin aji, ki rubuta bayani da Hausa a ƙasan kowace takarda. Katangar baya kuwa ki bar ta. Ko da wasan bai dawo ba, in Saliha ta dawo kujerarta kafin jarrabawa, ba ki yi asara ba. Allah Ya wanke ki, Ya ba ku zaman lafiya mai ɗorewa.