Ajiyar Goje a Firjina

Lahadi, 2 ga Nuwamba, 1975
Firjina ya iso! Fari tas, har da ɗan makulli. Duk Gyaɗi-Gyaɗi ba na jin akwai wadda ta kai ni murna yau. Florence maƙwabciyata ta yi ta buɗewa tana rufewa, wai sai ta ga inda fitilar ciki take zuwa. Gobe zan fara sayar da zoɓo da ƙanƙara. Na ja wa Malam maigidana kunne tun wuri: aikinsa na malamin dabbobi ya tsaya a ofis, ko kwalbar allurar shanu ɗaya ba za ta kwana min a ciki ba. Ya yi dariya ya ce to.

Talata, 4 ga Nuwamba
Na kai wa Baba tuwo a Tarauni. Surukin nawa yana nan yadda yake, a filin da aka ba shi aro. Tun lokacin da fari ya cinye masa garke ya dawo birni, ba ya hira da kowa sai Goje, tsohon amalen raƙuminsa. Shi da taguwa ɗaya suka rage, ita kuma tana ƙauye wajen Maigatari, a hannun Audu ƙanin Baba. Wai bana ta isa barbara, cikin watan nan za a kawo ta. Baba ya ce da kakannin Goje kakanninsa suka yi fataucin Agadas. Ni dai wari nake ji. Goje na ganina ya yi gurnani ya kumburo wani jan abu ta baki, na dire kwano na yi ta kaina.

Litinin, 10 ga Nuwamba
Inna lillahi. Goje ya faɗa ramin masu aikin hanya, ƙafa ta karye, an yanka shi kafin la'asar. Baba bai yi kuka ba, da ma ya yi. Ya ce iri ya ƙare, motar da za ta kawo taguwa ita za ta mayar da shi ƙauye. Gidan da ba rufi, ba kowa. In ya tafi ba zai ga damina ba, duk mun sani.

Da yamma na ga ƙunshi a firji, na ce Allah sarki, rabona na nama. Na hura gawayi, na ɗauko yaji da man gyaɗa. Wuƙa na hannuna Malam ya shigo ya kwatsa salati. Ashe marainan Goje ne! Wai irin yana da rai a ciki, in sanyi ya riƙe shi za a iya ɗura wa taguwa yadda suke yi wa shanu. Na ce an taɓa yi wa raƙumi? Ya ce shi dai bai taɓa ji ba.

A firjina. Kusa da zoɓona. Na kwashe zoɓon na kai gidan Florence, ban ce mata komai ba.

Talata, 11 ga Nuwamba
Ayodele abokin aikin Malam ya zo da madubin likita. Sun tace abin a 'yar kwalba, suka haɗa da madara da kwanduwar ƙwai. Ƙwaina, kar a manta. Ayodele ya ce ya karanta Turawa suna da wata jar fitila wai ita leza, in an haska wa ƙwayoyin da suka gaji sai su farfaɗo. Tun da babu ita a Kano, ya naɗe bakin tocila da jar takardar alawa. Malam ya ce wannan shirme ne. Ayodele ya ce in bai yi amfani ba ai ba zai yi illa ba. Wa aka ba riƙon tocila? Ni.

Sai Ayodele ya ce, "Madam, zo ki gani." Na ce Allah ya kiyaye. Na dai leƙa. Ikon Allah! Wasu 'yan mitsi-mitsi masu jela, suna ta iyo kamar talibambam a kududdufi. An ci naman Goje a Tarauni jiya, ga shi nan kuma yana ninƙaya a ɗakina. Na daɗe ban ɗago ba, har Malam ya yi gyaran murya.

Laraba, 12 ga Nuwamba
Motar taguwa ta lalace a Gumel.

Baba ya zo gidan, abin da bai taɓa yi ba. Malam ba ya nan. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce an ce masa akwai ajiya a nan. Ta yaya zan buɗe baki in yi wa surukina bayanin irin wannan ajiya? Na nuna firji da hannu, kaina a ƙasa. Ya shimfiɗa buzunsa a gabansa ya zauna yana jan carbi, yana sauraron ƙugin injin. Na kawo fura, ya sha rabi. Rabonsa da abinci tun Litinin.

Alhamis, 13 ga Nuwamba
Yau na ga tashin hankali. Da hantsi wuta ta ɗauke, Malam yana ofis, rana kuwa kamar ta fasa kwano. Dole na faɗa wa Florence gaskiya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ɗebo duk ƙanƙarar da ta rage a firjin. Na tuna Malam ya ce kada ƙanƙara ta taɓa kwalbar, sanyi in ya yi yawa kashe su yake. Na naɗe ta da sabon ɗankwalina, na sa cikin kwano, kwanon cikin randa, ƙanƙara ta kewaye. Masu sayen zoɓo na ta sallama ina cewa babu. Ni Jummai, zaune gaban randa da mafici, ina yi wa irin raƙumi fifita!

Sai bayan la'asar wuta ta dawo. Ayodele ya duba, ya ce da yawa sun mutu. Na ture shi na leƙa da kaina. Can gefe ga wasu suna motsi, a hankali, amma suna yi. Na ɗauko tocilar nan na haska musu, ba wanda ya ce min shirme. Hawaye ma na yi, abin kunya.

Taguwa ta iso da magariba, Malam ya yi mata allura.

Juma'a, 14 ga Nuwamba
An ɗura. Ban je ba, ina ni ina wurin. Na wanke firji har sau uku. Baba ya bar motar ta koma ba shi. Wai taguwa in ta ɗauki ciki, da mutum ya matso yana mata fito sai ta ɗaga jela ta lanƙwasa. Zai jira ya gani.

Talata, 25 ga Nuwamba
Baba ya yi fito, ko kallonsa ba ta yi ba. Na ga ya ɗaure kayansa a buhu.

Talata, 2 ga Disamba
Alhamdu lillahi! Na kai tuwo, na tarar da Baba zaune, ya ce ya gaji da fito. Ban san lokacin da na ce a ƙara gwadawa ba, ni da ba na haɗa ido da shi. Ya tashi don kar ya gwale ni. Fito ɗaya, ta miƙe wuya, jela ta tashi sama ta nannaɗe. Baba ya sake, ta sake. Na manta a gaban wa nake, na rangaɗa guɗa har matan maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya cinye tuwon tas, ya ce miyar ta yi gishiri kaɗan. Ban taɓa jin daɗin ƙorafi irin na yau ba.

Lahadi, 13 ga Yuni, 1976
Ciki ya fito. Malam da Ayodele har yanzu suna musu kan tocila. Ni na san abin da na sani.

Juma'a, 1 ga Oktoba
Wai cikin raƙumi sai ya haura shekara. Haba! Na kai wa taguwa ƙaiƙayin gyaɗa da kanwa, don dai hanya ta bi da ni.

Alhamis, 9 ga Disamba
Ta haihu da hantsi. Namiji, ja kamar ubansa, ƙafafu zalo-zalo, in ya tashi sai ya kife. Florence ta sa masa Ɗan Firji. Baba yana dariya, ashe yana da wushirya, shekara shida da aurena ban sani ba. Ya kira ni gaban mutane ya ce, "'Yata, zo ki taɓa shi. Ke kika raine shi tun bai zama komai ba."

Na taɓa. Laushi kamar auduga.

Asabar, 18 ga Disamba
Baba ya kwance buhunsa, har ya sa a yi masa rumfa. Ya aiko min da nonon taguwa a ƙwarya, na kwashe zoɓo daga saman firji na ba shi wuri. Malam ya tsaya yana kallona yana murmushi, na ce ya kama gabansa.

Audu ya aiko wai in an yaye ɗan a mayar da su ƙauye, can ne wurin raƙuma. Na ce wa Malam hanyar Gumel ba kyau, kuma kanwar can ba ta kai ta nan ba. Ba don komai na faɗa ba. Har yanzu wari suke.

Gobe in tafi da wuri, Ɗan Firji ya fara gane muryata.