Bindigar Babana Ta Fi Ƙarfin Hannuna

Malam Otoniel, kai da kake amsa tambayoyin bindiga a jaridar nan, don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa, domin ni kaina ban sani ba ko shawara a kan bindiga nake nema ko a kan mahaifina. Kada ka buga sunana. Sunayen da za ka gani ma na canza su, ko da yake Baba ba ya taɓa jarida sai in za a naɗe cuku.

Ni likitar dabbobi ce, shekaruna ashirin da bakwai, ina zagaya gandun shanu a yankin Zacapa da tsohuwar a-kori-kura. Bara da rana tsaka wasu mutum biyu a kan babur suka tare ni a hanyar wata gona, suka karɓe wayata da kular da nake sanyaya alluran rigakafi a ciki. Ba su taɓa lafiyata ba. Amma tun daga ranar, in na hango babur a madubi sai hannuwana su yi sanyi a kan sitiyari. Shi ya sa na nemi lasisin ɗaukar bindiga, na yi jarrabawa, na samu.

Ka san yadda muke a nan gabas, bindigar uba ta ɗa ce. To, Baba bai haifi namiji ba, mu huɗu ne duk mata. Kowa ya ɗauka ɗan ƙaninsa, Élfego, shi zai gaje ta, shi ma haka ya ɗauka. Ranar da lasisina ya fito, muna kan tebur, Baba ya zaro ta daga ƙugu, ya cire harsasan, ya tura mini ita ta tsakanin kwanuka. Ya ce, "Ungo, Likita. Shekara talatin da takwas tana jikina, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ke ma haka." Malam, mutumin nan ko ranar da na gama jami'a abin da ya ce kawai shi ne an yi zafi a zauren. Na shiga banɗaki na yi kuka. Washegari muka je aka mayar da takardunta kan sunana.

Mai cin babban harsashi ce, lamba arba'in da biyar, doguwa, ƙarfe zalla, kuma ya sa an yi mata mariƙi mai kauri na azurfa da tambarin shanunmu. Hannuna ba ya zagaye ta. Da na je filin koyon harbi, harbin farko ji na yi kamar maraƙi ya shure ni a tafin hannu. Tun daga nan nake runtse ido kafin in ja kunama, ba da sona ba, kuma harsasan ƙasa suke ci. Cikin bakwai, ɗaya ne ya taɓa gefen takardar da ake harbi, shi ma ina jin tausayina ya ji.

Sai batun ɓoyewa. Zamanin su Baba a fili ake rataye ta, kowa ya gani. Yanzu doka ta ce a rufe. Da me zan rufe ta a wannan zafi namu? Ni ba tsawo ba, ba jiki ba, rigar aikina kuma shara-shara ce. Ƙanwata Dilcia ta dube ni ta ce, "Yaya, guduma kika sato? Ai ko makaho ya san da ita."

Abin da ya fi ba ni kunya ya faru wata biyu da suka wuce. Na soke ta a bayan wando ba kube, yadda Baba yake yi, domin a wurinsa kube na 'yan birni ne. Ina duba cikin wata saniya, hannuna ya shige har kafaɗa, sai ta motsa, na sunkuya, bindigar ta zame ta faɗa cikin kashin shanu. Wani dattijon makiyayi ya ɗago ta da yatsa biyu, ya ce, "Likita, ashe cikin ya isa haihuwa. Ga ɗan ya faɗo, kuma namiji ne." Kowa ya yi dariya, har da ni. Sai da na shiga mota na gane haɗarin da muka tsallake, domin da harsashi a cikinta, kuma mutum biyar ne a tsaye a wurin.

Tun ranar a ƙarƙashin kujerar mota take yini. Sai na iso ƙofar gidanmu nake ɗaura ta, don Baba ya ga tudunta a rigata ya yi murmushi. Wato a kan hanya, inda nake jin tsoro, ba ta jikina, a gida kuma, inda babu abin tsoro, tana jikina. Ka ga irin haukan?

Na tambayi mutane, kowa da tasa. Mai shagon bindigogi ya nuna mini wata gajeriya marar nauyi mai cin harsashi iri ɗaya da ta Baba, ya ce ita ce maganin matsalata. Wata abokiyar aikina ta ce in koma mai ƙaramin harsashi, milimita tara. Élfego ya ji, ya ce, "Tara? Ai da ita ake korar ɓera. Mutum zai kaɗe rigarsa ya ci gaba da tahowa. In ta baffa ta yi miki nauyi, 'yar'uwa, kawo in riƙe miki." Mama kuma ta ce in ajiye su duka, in riƙa addu'a kafin in tayar da mota. Wani lokaci sai in ga kowannensu yana da gaskiya, wani lokaci in ga babu mai ita.

Nan da Lahadi uku Baba zai cika saba'in. Bayan an ci gasasshen nama da rogo, za a jera gwangwanaye a kan shinge a yi harbi kamar kullum, kuma ya riga ya gaya wa dangi su zo su ga Likita da bindigarsa. In na harba, asirina ya tonu a gaban Élfego. In na ce ta fi ƙarfina, ina tsoron Baba ya ji kamar shi na mayar. In sayi ƙarama a ɓoye? In daure da wannan har in saba? Shin babban harsashi ne kaɗai ke kare mutum? Ni dai ban sani ba.

Likitar shanu mai ƙaramin hannu, Zacapa

*

'Yata, ruɗanin da kike ciki ba naki ba ne ke kaɗai. Kusan duk Asabar sai wani matashi ya zo mini da shi filin da nake koyar da harbi. Mutane suna haɗa tambaya biyu su mai da su ɗaya: wane harsashi ya fi girma, da wace bindiga ta dace mutum ya ɗauka. Ta farko awo ke amsa ta. Ta biyu sai hannunki da jikinki da irin aikinki.

Bari in fara da abin da ba zai jira ba. Daga yau kada ki sake soke bindiga a wando ba kube. Ki nemi mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, da bel mai ƙwari. Mahaifinki ya yi shekara talatin da takwas ba a samu tsautsayi ba, mun gode Allah, amma shi ba ya sunkuyawa a bayan saniya sau arba'in a yini. Ƙarƙashin kujera kuma ajiya ce kika yi wa ɓarawo. Ki sa a ɗaure miki ƙaramin akwatin ƙarfe mai makulli a cikin motar. In za ki shiga garke ki kulle ta a ciki, in za ki hau hanya ki ɗaura.

Babbar bindiga ba abin raini ba ce, kuma mahaifinki bai yi wauta ba da ya amince da ita. Nauyin da ke damun ƙugunki shi ne ke shanye wani ɓangare na naushinta. Don haka ki yi hattara da shawarar mai shago. Gajeriya marar nauyi mai cin babban harsashi ta fi ta babanki duka a hannu, kuma runtse idon nan zai ƙaru ne. Shi kuwa Élfego, ki bar shi da ɓerayensa. Babu wanda ke kaɗe riga bayan milimita tara. Harsashin da ya ci ƙasa bai kare kowa ba komai girmansa, kuma wanda ya kauce yana iya samun wanda bai ji ba bai gani ba. Mahaifiyarki ma kada ki yar da maganarta. Ranar da aka tare ki kin ba da waya da kula kin tafi da ranki, kuma ko da bindiga a jikinki abin da zan so ki yi ke nan. Don rai ake ɗaukar ta, ba don kaya ba.

Runtse ido yana warkewa. Jikinki ne ke tsoron ƙara da duka, ba ragwanci ba ne. Malami mai haƙuri, abin toshe kunne mai kyau, da farawa da ƙaramin harsashi, cikin 'yan makonni za ki ga bambanci. Mariƙin azurfar ma ana kwance shi a sa siriri. Mai yiwuwa wata rana ki iya harba ta da kyau. Amma iya harba ta daban, iya ɓoye ta a rigar aiki cikin zafin Zacapa daban, kuma a nan ina ganin ba za ta taɓa zama ta yau da kullum a wurinki ba.

Yanzu ga maganar da ta sa kika yaga wasiƙa uku. Kada ki sayi komai a ɓoye. Kin riga kin gaji da ƙarya ɗaya a ƙofar gida, kada ki ƙara ta biyu. Mutumin da ya tsallake al'ada ya ba 'yarsa abin da ake ba ɗa, ba don ta burge dangi ya yi ba. An tare masa 'ya a hanya, ya rasa abin da zai yi, sai ya miƙa mata abin da ya fi yarda da shi a duniya. Zai ji zafi in ya ji labarin garken, ba zan ɓoye miki ba. Amma jinsa daga bakinki, ku biyu, ya fi ya gani da idonsa a gaban mutum talatin.

Ga abin da nake so ki gwada ranar Asabar mai zuwa. Ki ce wa mahaifinki kina neman idonsa, ya raka ki filin koyon harbi. Ki gaya masa komai a mota. A can ki nemi aron bindiga biyu matsakaita masu milimita tara, ki haɗa da tasa. Ki kafa farantin takarda uku a nisan taku bakwai, ki yi harbi biyar-biyar a natse, sannan ki ɗaura kowacce ba harsashi, ki saki riga, ki sunkuya, ki tsuguna, ki zauna a mota. Ki miƙa masa farantan ki ce ya zaɓa miki. Makiyayi ne, ya san ba kowane doki ke dacewa da kowane mahayi ba, kuma yana gaskata abin da ya gani. Wadda kuka zaɓa a shigar da ita cikin lasisinki kafin ta hau ƙugunki. Tasa kuma ta ci gaba da zama taki, a goge, a kulle a gida.

Ranar bikin, in za a yi harbi, a yi kafin a buɗe kwalbar giya ko ɗaya. Ki harba da wadda hannunki ya sani, ko kuma ki ce yau ba kya yi. Duka biyun ba abin kunya ba ne ga wadda mahaifinta ya riga ya san gaskiya.

Allah ya tsare ki a hanya, ya ƙara wa dattijo lafiya, ya sa ki tsufa ba ki taɓa zare ta don kowa ba.

Malam Otoniel Aldana